TUSHEN MAGANA: Kalmar "Mutane" Da 'Ya'yanta, Daga Jamus Zuwa Lafiya

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. In kuwa haka ne, ya kamata kowace al'umma ta san maƙerin da ya ƙera nata linzamin, ta kuma san inda yake jan ta. Da wuya a sami inda wannan magana ta dace kamar garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, inda Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa suke cin kasuwa ɗaya, kuma yawancin ƙabilun nan suna da suna biyu-biyu, watau wanda suke kiran kansu da shi da wanda maƙwabta suka laƙaba musu. Don a gane yadda haka ke faruwa, filin nan zai bi sawun wata tsohuwar kalma ta ƙasar Turai wadda ma'anarta ba ta wuce "mutane" ba, amma ta hayayyafa har ta zama sunan babbar ƙasa, sa'an nan a dawo gida a auna ta da harshen Hausa da zaman jama'ar Lafiya.

Ƙasa Ɗaya, Suna Barkatai

Ƙasar da Hausawa ke kira Jamus tana cikin ƙasashen da suka fi yawan suna a duniya. Hausawa sun ɗauki nasu sunan daga yadda Turawan Ingila ke kiran mutanen, suka sa masa rigar Hausa, aka sami Bajamushe da Jamusawa da Jamusanci. Faransawa kuwa, da Larabawa masu cewa Almaniya, sunan wata ƙabila guda suka ɗauka, Alamanni, suka yafa wa ƙasar duka. Mutanen Finlan suna cewa Saksa, saboda ƙabilar Sakson da suka fi sani. Rashawa da mutanen Folan kuwa, sunan da suke kiran Bajamushe da shi ya fito ne daga kalmarsu ta "bebe", watau wanda ba a jin abin da yake faɗi. Daga wannan kalma ce Larabawa suka sami Nimsa, sunan da suke kiran Ostiriya da shi.

To, su masu ƙasar ba ɗaya daga cikin waɗannan da suke amfani da shi. Suna kiran harshensu Deutsch, wanda ake furtawa kamar "Doic", ƙasarsu kuwa Deutschland. Masu sauraron Sashen Hausa na gidan rediyon Deutsche Welle, wanda yake watsa shirye-shirye tun farkon shekarun 1960, sun saba da jin kalmar, ko da yake ƙalilan ne suka san cewa a can asali ba sunan wata ƙabila ba ce, ba kuma sunan wani kaka ba.

Inda Kalmar Ta Fito

Jamusanci da Ingilishi da harsunan Holan da Suwidin da Danmak da Norwe da Aisilan duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Uwarsu wani harshe ne da aka yi magana da shi a arewacin Turai fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ba a bar littafi da shi ba, amma masana sun gano kalmominsa ta hanyar gwama 'ya'yansa, kamar yadda ake gane kamannin kaka a fuskokin jikoki. A cikin kalmomin da suka gano akwai "theudo", ma'anarta mutane, ko jama'a, ko al'umma. Sautin farko nata ana yin sa ne da harshe tsakanin haƙora, irin na harafin Larabci mai ɗigo uku a sama.

Ita ma wannan kalma tana da 'yan'uwa a waje. A tsohon harshen Ayilan "tuath" na nufin jama'a da ƙasarsu, a Lituweniya da Latbiya kuwa har gobe "tauta" na nufin al'umma. Mai karatu zai lura cewa waɗannan da "t" suka fara, ta Jamusawa kuwa da "th", daga baya ma ta koma "d". Wannan ba haɗari ba ne. Sautin harshe yana sauyawa bisa ƙa'ida, kuma wani malami Bajamushe, Jacob Grimm, ya bayyana ƙa'idar sauyin farko a 1822. Hausa ma tana da irin nata. Basakkwace yana cewa "zamna" da "sabka", Bakano yana cewa "zauna" da "sauka", kuma "k" ɗin da ke cikin "talaka" ita ce ta narke ta zama "u" a cikin "talauci". Wanda ya fara tsara wannan ƙa'ida ta Hausa a ƙarshen shekarun 1920 shi ma Bajamushe ne, August Klingenheben, kuma da sunansa masana ke kiranta har yau.

Wuri mafi tsufa da kalmar ta bayyana sosai a rubuce shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista da wani bishop mai suna Wulfila ya yi zuwa harshen mutanen Got a ƙarni na 4. A can "thiuda" ita ce al'umma, "thiudans" kuwa sarki, watau mai jama'a. Amma ga abin lura: in aka yi jam'inta, sai ta koma nufin sauran al'ummai, waɗanda ba sa cikin addini. Ashe tun da wuri kalmar tana da baki biyu kamar takobi, tana iya nufin "namu", tana iya nufin "waɗancan".

Harshen Jama'a Da Harshen Malamai

A zamanin da, Latin shi ne harshen coci da shari'a da ilmi a yammacin Turai, kamar yadda Larabci ya kasance a ƙasar Hausa. Talaka bai iya shi ba. Saboda haka aka ɗauki kalmar "mutane" aka liƙa mata ɗafa-ƙeya "-isk", wanda aikinsa ya yi kama da na "-anci" a cikin Turanci da Fulatanci, aka sami "theodisk", watau harshen jama'a. An fara ganinta a rubuce a shekara ta 786, cikin rahoton da wani wakilin Paparoma Hadrian na Ɗaya ya aika Rum game da taron shugabannin coci a Ingila, inda ya ce an karanta hukunce-hukuncen taron da Latin, an kuma karanta da harshen jama'a don kowa ya fahimta. Abin mamaki, harshen da ake nufi a wannan wuri tsohon Ingilishi ne, ba Jamusanci ba. A shekara ta 842 kuma, da jikokin Sarki Shalman biyu suka yi rantsuwar ƙawance a gaban rundunoninsu a birnin Sitirasbog, an rubuta cewa ɗayansu da wannan harshe na jama'a ya rantse, don sojojin ɗan'uwansa su ji da kunnensu.

Sai wajen ƙarshen ƙarni na 11 aka fara kiran mutane da ƙasa da wannan suna. Kafin nan kowa da ƙabilarsa yake tinƙaho, wannan Basaksone, wancan mutumin Bafariya, wancan Bafaranke. Abin da ya haɗa su shi ne suna jin maganar juna. Fassarar Littafi Mai Tsarki da Martin Luther ya kammala a 1534 ta taimaka wajen daidaita harshen rubutu, amma ƙasa guda mai gwamnati guda ba ta samu ba sai 1871. Ke nan harshe ya riga ƙasa da shekaru ɗaruruwa.

'Ya'ya Da Jikoki

Daga wannan saiwa rassa suka bazu. Italiyawa suna kiran Bajamushe "tedesco", mutanen Suwidin da Danmak da Norwe suna cewa "tysk", duk kalma ɗaya ce bakuna suka tauna daban-daban. A Aisilan kalmar asali tana nan da ranta, tana nufin al'umma. A Ingila kuwa tsohuwar "theod" ta mutu tun ƙarnonin tsakiya, kalmomin da aka aro daga Faransanci suka gaje ta. Amma Ingilishi ya sake aro jikanyarta, "Dutch". Da farko duk mai magana da Jamusanci ko harshen Holan haka Turawan Ingila ke kiransa. A ƙarni na 17, da gasar ciniki da yaƙe-yaƙen teku suka haɗa Ingila da Holan, sai sunan ya tsaya a kan mutanen Holan kaɗai, alhali su mutanen Holan Jamusawa suke kira "Duits". Shi ya sa har yau a jihar Fensilbaniya ta Amurka akwai jama'ar da ake kira "Dutch" waɗanda yawancin kakanninsu daga Jamus da Suwizalan suka yi ƙaura.

Kalmar ta shiga sunayen yanka. Sarkin Got da ya mulki Italiya daga 493 zuwa 526 sunansa Theodoric, watau mai mulkin jama'a. Sunan nan ne ya zama Dietrich a Jamus, Dirk a Holan, Derek a Ingila, Thierry a Faransa. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa da suka san Thierry Henry, tsohon ɗan wasan Arsenal, ashe sunan wani sarki na shekara 1,500 da suka wuce suke ambata. Haka kuma Diedrich Westermann, malamin Jamus da ya rubuta bayani kan Hausawa da harshensu a farkon babban ƙamus na Bargery na 1934, shi ma wannan suna yake ɗauke da shi.

Amma 'ya'yan da suka fi ban sha'awa su ne na cikin gida. A Jamusanci "deuten" na nufin fassara ko bayyanawa, "deutlich" na nufin abin da ya fito fili, "Bedeutung" kuwa ma'ana. Masana suna danganta su da wannan saiwa, watau bayyana abu shi ne sauko da shi inda jama'a za su gane.

Hausa Ma Sunan Magana Ce

A nan ne mai karatu zai ji kamar labarin gida ake ba shi. Bahaushe in bai gane inda magana ta dosa ba, cewa yake yi, "Ban gane hausarka ba," ko da kuwa da Hausa zalla aka yi masa ita. In an ce mutum ya iya hausa, ba nahawu ake nufi ba, ana nufin ya iya sarrafa zance. Watau kamar yadda Bajamushe ya ɗauki sunan harshensa ya mai da shi ma'anar fahimta, haka Bahaushe ya yi da nasa. Har wa yau, kamar yadda aka raba Latin da harshen jama'a, haka aka raba Larabci da ajami. Ita kalmar ajami, a wurin Larabawa, asalinta wanda maganarsa ba ta fita sosai, daidai da "beben" da Rashawa suka kira Bajamushe. Amma malaman jihadin 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, ba su raina ajami ba. Sun yi wa malamai rubutu da Larabci, suka yi wa jama'a waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa, don sun san saƙon da bai isa kunnen talaka ba bai isa ko'ina ba.

Game da asalin sunan Hausa kansa, wasu masana suna nuni da cewa a harshen Sonwai "hausa" na nufin gaɓar hagu ta kogin Kwara, "gurma" kuwa gaɓar dama. Ko ma daga ina ya fito, abin da tarihi ya tabbatar shi ne sunan ya yi ta buɗe ƙofa. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Buzaye ne, da Kambarin Barebari masu asali da Barno, duk sun zama Hausawa ta hanyar harshe da fatauci da auratayya, har suka riƙe cinikin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga Agalawa ya fito, kuma ba wanda ya taɓa shakkar cewa Bakano ne.

Kalmomin da Hausa ke kiran taron 'yan Adam da su ma kowace da zuriyarta. "Mutum" da "mutane" na gida ne, kuma daga gare su aka sami mutunci da mutuntaka da mutuntawa. Wannan ba ƙaramar hikima ba ce, gama harshen ya nuna cewa darajar mutum daga kasancewarsa mutum take, ba daga garinsu ba. "Jama'a" kuwa daga Larabci take, daga saiwar da ke nufin tarawa, kuma 'yan ɗakinta su ne Jumma'a da jami'a da jam'iyya da jam'i da majami'a, har da sunayen masarautun Jama'are da Jama'a. Ga shi masallacin Jumma'a da majami'ar Kirista saiwa ɗaya suka sha. "Al'umma" da "ƙabila" su ma na aro ne daga Larabci, amma "ƙabilanci" Hausa ce ta haife shi da kanta, da ɗafa-ƙeyan nan na "-anci". 'Yan siyasar farko sun san nauyin waɗannan kalmomi. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta haɗa ta aro da ta gida a sunanta, NEPU kuwa, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta ɗauki kalmar "talakawa" ta mai da ita tuta.

Sunaye A Ƙasar Lafiya

Shi kansa sunan Lafiya baƙo ne da ya zama ɗan gari. Daga Larabci "al-afiya" ya fito, "l" ɗin farko kuwa ragowar "al" ce, kamar ta labari da lokaci da littafi da liman. Cikakken sunan garin a da shi ne Lafiyar Barebari, saboda Muhammadu Dunama da jama'arsa masu asali da Barno ne suka kafa shi wajen ƙarshen ƙarni na 18, a yankin da a da akwai wani ƙaramin garin Alago mai suna Anane. To, "Barebari" sunan da Hausawa ke kiran mutanen Barno ne, su kuwa Kanuri suke kiran kansu, Hausawa kuma suna kiransu Afuno. Yau yawancin zuriyar waɗanda suka kafa garin Hausa suka tashi da ita a baki, amma ba su manta da asalinsu ba, ga sunan Dunama nan shaida.

A ƙarni na 19 Lafiya ta bi Bauci, Keffi da Nasarawa suka bi Zazzau. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta bunƙasa, hanyar fatauci ta buɗe zuwa Loko a bakin Binuwai. Ta wannan yanki ne matafiyan Jamus suka ratsa, Gerhard Rohlfs ya sauka Keffi a 1867, Paul Staudinger kuma ya tashi daga Loko a 1885 ya bi ta Keffi zuwa Zariya da Kano da Sakkwato. Su da Turawan Ingila da suka zo bayansu, tafintocinsu da jagororinsu yawanci da Hausa suke magana, saboda haka sunayen da Hausawa ke kiran ƙabilu da su ne suka shiga taswira da takardun hukuma.

Ta haka Alago na Doma da Keana, masu Andoma da Osana, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Idoma ne, suka zama Arago a rubuce. Migili suka shiga cikin tarin ƙabilun da ake kira Koro. Eggon aka kira su Madan Dutse, aka cuɗa su da maƙwabtansu Mada na Akwanga, alhali kowa da harshensa da sarautarsa, ga Aren Eggon ga Chun Mada. Tibi, waɗanda suke danganta sunansu Tiv ga kakansu, aka kira su Munci, har aka ƙaga labarin cewa Bafillatani ne ya ba su ajiyar shanu, da ya dawo suka ce "mun ci". Gwandara kuwa, waɗanda suke da garuruwa irin su Shabu a kusa da Lafiya, masu ba da labari sun ce kakanninsu daga Kano suka fito suna cewa gwanda rawa da salla. Irin waɗannan labarai sau da yawa bayan suna ake ƙirƙiro su don a yi masa fassara, ba su ne suka haifi sunan ba. Abin da ilmin harshe ya tabbatar ya fi labarin muhimmanci, shi ne a duk harsunan duniya babu wanda ya fi kusa da Hausa kamar Gwandara.

Ba a ƙasar Lafiya kaɗai aka yi haka ba. Gwari suna kiran kansu Gbagyi, Kaje Bajju, Katab Atyap, Jaba Ham, Sura Mwaghavul, Ankwai Goemai. Su Hausawa ma an yi musu, Fulani suka ce Haɓe, Yarabawa suka ce Gambari. A 'yan shekarun da suka wuce ƙabilu da yawa sun tashi tsaye don a kira su da sunan da suka zaɓa, kuma wannan haƙƙinsu ne. Kiran mutum da sunan da ya ƙi ba wasa ba ne, sai fa tsakanin taubasai, kamar Barebari da Fulani, ko Fulani da Tibi, inda kowa ya san iyakar wasan, kuma a ƙarshe dariya ake yi tare.

Inda Kalma Ke Ƙuntata

Labarin kalmar Jamus yana da ƙarshe mai ɗaci wanda bai kamata a tsallake ba. Kalmar da ta fara da nufin duk wanda ke jin maganar jama'a, sannu a hankali aka mai da ita maganar jini. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1913 a kan zuriya aka gina ta. A 1935 gwamnatin Hitila ta kafa dokokin Nurambag, waɗanda suka tuɓe wa Yahudawa cikakken haƙƙin zama 'yan ƙasa, alhali Jamusanci ne harshensu na uwa, kakanninsu sun yi ƙarnoni a ƙasar, dubbai daga cikinsu kuma sun mutu suna yi mata yaƙi tsakanin 1914 da 1918. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945 an hallaka Yahudawan Turai kimanin miliyan 6. Sai a shekara ta 2000 Jamus ta gyara doka, yadda yaron da baƙi suka haifa a ƙasar zai iya zama ɗan ƙasa in iyayensa sun cika sharuɗɗan zama. Kalmar ba ta yi laifi ba, masu riƙe da linzamin ne suka karkatar da ita.

Nijeriya ba Jamus ba ce, amma tana da nata kalmomi biyu da suka ƙuntata, "ɗan asali" da "baƙo". Tsarin mulki na 1999 ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, wanda zai kasance ɗan asalinta, amma bai fayyace shekara nawa iyali za su yi a wuri kafin su daina zama baƙi ba. Saboda haka takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa ta zama mabuɗin shiga makaranta da samun aikin gwamnati da shiga soja ko 'yan sanda. Yaron da aka haifi kakansa a Lafiya yana iya rasa ta, in ya je garin da aka ce na kakanninsa ne can ma a ce ba a san shi ba. Ya zama jemage ke nan, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi.

Jihar Nasarawa, wadda aka yanke daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, ta ɗanɗana kuɗar wannan. Rikicin da ya ɓarke a kudancin jihar a 2001, da abin da ya auku a Alakyo a watan Mayu na 2013, sun ci rayuka masu yawa, sun raba iyalai da gonakinsu. Dalilan irin waɗannan fitinu suna da yawa, akwai gona, akwai sarauta, akwai siyasa, akwai talauci. Amma kafin a zare makami, baki ne yake fara raba jama'a, ya ce waɗannan su ne mutane, waɗancan kuwa wasu ne.

Abin da tarihin kalmomi yake koyarwa shi ne babu sunan al'umma da ya sauko daga sama a kammale. Deutsch ya fara ne da masu jin maganar juna. Hausa ta yi girma ne don ta karɓi Ba'agale da Babarbare da Bafillatani. Lafiya kanta garin da baƙi daga Barno suka kafa ne a ƙasar Alago, da suna na Larabci, ana ciniki a cikinsa da Hausa. Wanda ya ce zai tace garin nan ya fid da baƙo, to da sunan garin zai fara.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Malaman harsuna na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi su himmatu wajen tattara kalmomin Alago da Eggon da Migili da Gwandara daga bakin dattawa tun suna raye, a rubuta, a koyar, gama harshen da ba a rubuta ba maƙwabta ne za su ba da labarinsa. 'Yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo su riƙa kiran kowace ƙabila da sunan da ta yarda da shi. 'Yan majalisa kuwa su dubi maganar ɗan asali da baƙo da idon basira, a sa iyaka bayyananniya wadda in iyali suka kai ta sun zama 'yan gida. Harshen da ya fid da mutunci daga cikin mutum ya riga ya yanke hukunci a kan wannan magana, saura masu harshen su bi. Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.